Burtu, Kibiya da Wuƙa: Yadda Maharban Da Suke Kusantar Barewa



Duk wanda ya saba bin hanyar Ore zuwa Benin, ko ta Ibadan zuwa Ife, ya san masu tsayawa a bakin titi suna ɗaga naman daji sama don masu mota su gani, wani gyazbi, wani gada, wani lokacin har mazo. Galibin wannan nama da dare aka kashe shi, da fitilar goshi da bindiga, ko kuwa tarkon waya ne ya kama shi. Yaranmu da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri, in aka ce masu maharbi wannan hoton ne yake zuwa masu. Suna jin manya suna cewa an yi wa wane burtu, wato an yaudare shi ko an tsorata shi da abin da ba gaskiya ba, amma kaɗan ne cikinsu suka san cewa burtu tsuntsu ne, kuma akwai zamanin da mutum yake ɗaura kan wannan tsuntsu a goshinsa ya yi rarrafe har ya iso gaban barewa tana kallonsa ba ta gudu ba. A kan wannan nake son in ɗan yi magana yau.

Da farko dai ya kamata a raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Farauta daban, harbi daban. Farauta ta taron jama'a ce, ana fita da rani bayan an kwashe amfanin gona, da karnuka da gora da kere da kiɗa da kirari, a tayar da zomo ko gada a bi shi da gudu, sau da yawa ma a ƙare da faɗa kan wanda karensa ya fara kamawa. Shi kuwa maharbi shi kaɗai yake tafiya, ko shi da ɗansa, ba kare ba ganga, kuma sana'ar gado ce mai sarautarta, irin su Sarkin Baka. Tsohuwar sana'a ce ƙwarai. Littafin tarihin Kano ya bayyana Barbushe a matsayin ƙaton maharbi mai kashe giwa da sanda, kuma labarin kafuwar Haɗeja yana komawa ne ga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya. Ko nan ƙasar Yarbawa haka abin yake, domin Ogbomosho ma maharbi ne, Ogunlola, ake danganta kafuwarta gare shi.

Matsalar maharbin da guda ɗaya ce, ita ce tazara. Kibiyarmu ta kyauro ce mara nauyi, da tsinin ƙarfe mai kunnuwa, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda wasu al'ummai suke yi don ta miƙe. Irin wannan kibiya tana iya tafiya da nisa, amma in ana son ta sauka daidai inda aka nufa a jikin dabba, sai an matso kamar taku ashirin ko talatin. To ita kuwa barewa a fili take kiwo, inda ba duhuwar da mutum zai ɓuya, idonta yana gefen kai tana ganin kusan ko'ina, kunnenta ba ya hutawa, hancinta ma haka. Da zarar ta hango abu mai tafiya da ƙafa biyu tun daga nesa ta ba iska. Saboda haka dole maharbi ya daina zama mutum a idonta.

A nan ne hikimar zaɓen burtu take. Burtu baƙin tsuntsu ne babba, tsayinsa ya kai mita guda, mai dogon baki da wani tudu a samansa, namijin yana da jan maƙogwaro. Ba ya son tashi sama. Yini yake yana takawa a hankali cikin ciyawa, shi da matarsa ko su uku ko huɗu, yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Namun daji sun saba da shi tun suna ƙanana, ba ya cin 'ya'yansu, ba ya korarsu. Ku duba kuma ku gani: mutum in ya durƙusa ya sunkuya, tsayinsa kusan na burtu ne. Tafiyar mai rarrafe a hankali take, ta burtu ma haka. Tsayawar da maharbi zai riƙa yi don ya huta ko ya duba, ita ce daidai tsayawar da tsuntsun yake yi in zai caki wani abu. A ganina babu wata halitta a dajinmu da jikin ɗan Adam zai iya kwaikwaya cikin sauƙi kamar wannan, kuma wanda ya fara lura da haka ya cancanci a kira shi masani.

Yadda ake haɗa shi, ana samun ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa, a dasa shi a kan lanƙwasasshen itace wanda zai zama wuya, a rufe da baƙar fata, a sa masa maɗauri da zai zagaye kan maharbi ya zauna a goshi. Wasu sukan manna jajayen 'ya'yan idon zakara a wuyan don ya yi kama da jan maƙogwaron namiji, wasu kuma gaba ɗaya da itace suke sassaƙa kan. Sai maharbi ya yafa baƙin zane ko fata a bayansa. Amma kayan ba su ne aikin ba. Aikin yana cikin wuya da gwiwa. Zai riƙa sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar mai tsintar ƙwari, ba zai nufi garken kai tsaye ba, sai ya yi ta karkacewa kamar abin da ya dame shi yana ƙasa ne, in dabba ta ɗaga kai ta zuba masa ido shi kuma sai ya ci gaba da caccakar ƙasa, domin tsayawa cik shi ne halin abin da yake fako. Kuma duk wannan sai iska tana busowa daga wajen dabbar zuwa wajensa, don burtu ido kawai yake ruɗa, ba ya ruɗin hanci. Tafiyar da mai lafiya zai yi cikin minti biyu tana iya cin maharbi sa'a guda a kan ƙaya da zafin ƙasa, kwari a rataye, baka a hannu yana jan sa cikin ciyawa.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. A Amurka akwai wata dabba mai ƙaho mai rassa kamar reshen itace, wanda yake faɗuwa kowace shekara wani ya fito. Mukan kira ta barewa don saukin magana, amma ba dangin barewarmu ba ce, tamu ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Wani mai zane Bafaranshe, Jacques Le Moyne, wanda ya je Florida a 1564, ya zana mutanen Timucua sun lulluɓa da fatar wannan dabba har da kanta, suna leƙe ta ramukan idon, sun matso bakin rafi da bakansu. An buga zanen a 1591. A 1786 kuma matuƙin jirgin ruwan Faransa La Pérouse ya ga irin haka a Monterey ta Kalifoniya, mutum ya ɗaura kan barewa yana tafiya da ƙafa huɗu kamar yana kiwo, har ya ce da ba a gaya wa mutanensa ba da sun harbe shi. Bambancin shi ne su dabbar da kanta suke kwaikwaya, namu kuwa maƙwabcinta suka zaɓa. Ni dai ina ganin namu ya fi wayo, domin dabba tana sa ido sosai kan 'yar uwarta baƙuwa, amma wa ya damu da tsuntsun da kullum yana nan?

To an matso, an saki kibiya. Kibiya mara nauyi irin wannan da wuya ta kayar da gwanki ko kanki nan take, shi ya sa ake shafa mata dafi. Uwar dafin ƙasar Hausa ita ce kwankwani, wani tsiro mai yaɗo wanda 'ya'yansa suke cikin dogayen kwasfa biyu kamar ƙaho. Ana haɗa shi da wasu abubuwa kamar ruwan tinya, kowane gida da nasa sirrin da nasa makarin, amma mai aikin na gaskiya shi ne kwankwanin. In ya shiga jini zuciya yake kamawa, ya rikita bugunta har ta tsaya. Ta baki kuwa ba ya shiga jiki sosai, dalilin da ya sa ake yanke wurin da kibiya ta shiga a jefar, a ci sauran naman lafiya. Turawa ma sun amfana da wannan ilmi. A tafiyar Livingstone ta kogin Zambezi, tsakanin 1858 da 1864, likitansa John Kirk ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan ya goge haƙori da burushin da ya taɓa 'ya'yan wani ɗan uwan kwankwani da ya ajiye a jaka ɗaya. A 1885 Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya gabatar da sinadarin a matsayin maganin ciwon zuciya, aka yi shekaru da dama ana amfani da shi, musamman a Jamus. Sun kuma ɗanɗana shi ta ɗaya fuskar. Kibiya mai dafi ta sami Lugard a ka a ƙasar Borgu a 1894, ya sha da kyar, kuma ita ce ta kashe Manjo Marsh a Burmi a 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba in ana wannan zance, kuma a wurina shi ne ya fi muhimmanci, wato wuƙa. Maharbi Musulmi ba kashe dabba kawai yake so ba, so yake ta halatta. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi da shi, wanda ya yi bisimilla ya saki kibiya ta kashe dabbar daji, ana ci, in kuma ya iske ta da sauran rai sai ya yanka. Amma Muhtasar na Shehu Halil ya kawo dabbar da aka harba da makami mai dafi cikin waɗanda ba a ci in sun mutu ba a yanka ba, saboda ba a san ko ƙarfen ne ya kashe ko dafin ba, sai fa in ƙarfen da kansa ya huda makasa. Risala kuma ta yi magana kan abin da ya ɓace wa maharbi har ya kwana. Ku haɗa waɗannan ku gani. Dafi yana ba maharbi ɗan lokaci kaɗan ne tsakanin harbi da mutuwa, dabbar kuma da gudu za ta bar wurin. In daga nesa ya harba, kafin ya bi sawu ya same ta ta zama mushe, wahalar yini ta tashi a banza. Saboda haka kusantar da yake yi ba don kibiya ta samu kaɗai ba ce, har da don wuƙa ta riski wuya da rai. Gaskiya ne ba duk maharba ne wannan ya dama ba, da yawansu Maguzawa ne, kuma ko Musulmin cikinsu sana'ar cike take da layu da surkulle da sha'anin iskokin daji, abin da malamai suka daɗe suna faɗa a kai. Amma mai kai nama kasuwar gari ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce ko an yanka.

Mu mazauna nan muna da rabo a wannan tarihi fiye da yadda muke zato. Mun saba jin cewa goro da shanu ne suka kawo kakanninmu Kurmi, kuma haka ne, amma a wasu wurare maharba ne suka riga kowa. A ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa Hausawa suka sauka Elele, a ƙasar Ikwerre ta jihar Ribas ta yanzu, lokacin da giwaye suke ɓarna a gonakin mutane, kuma daga zamansu ne Musulunci ya kafu a garin. Makamin masu harbin giwa shi ne sango, wani gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindigar toka a harba, shi ma sai an matso har ana jin numfashin giwar. Burtu kam ba shi da aiki a kurmi, tsuntsun ma ba ya zama a ciki. A duhuwar kurmi ba ka ganin dabba daga nesa balle ka yi mata rarrafe, don haka maharban nan suna da tasu dabarar, mutum ya zauna a gindin itace ya toshe hanci ya yi kuka irin na gadar da ke cikin wahala, ita da kanta za ta zo dubawa. Har yau maharba daga Arewa suna zuwa dazukan Kudu. Ba mu manta ba da mutum 16, akasarinsu 'yan jihar Kano, da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa gida don yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Allah ya jiƙansu. Hanyar da suka bi ta girmi Nijeriya kanta, amma waɗanda suka tare su ba su san haka ba, kuma abin takaici yawancin 'ya'yanmu ma ba su sani ba.

Me ya kashe burtu? Mutane sukan ce bindiga, amma ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, ba ta fi baka nisa da wani abin kirki ba, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta, ga ƙara mai watsa duk dajin. Mai adaka ma yana bukatar ya matso, don haka burtu ya zauna da ita lafiya. Abin da ya canja komai shi ne fitila. Da farko irin wadda ake ɗiga wa wani farin dutse ruwa ya ba da iskar gas mai kamawa da wuta, daga baya cocila mai batir. In haske ya bugi idon gada ko mazo da dare sai dabbar ta tsaya cik, idonta yana ƙyalli, mai bindiga ya taka a tsaye ya harbe ta. Ba ruwansa da sanin halin dabba, ba ya ma gane mace ce mai ciki ko namiji sai ta faɗi. A daidai goshin da ake ɗaura burtu, a nan aka ɗaura fitilar. Abin da yaro yake shekaru yana koya a bayan ubansa, yanzu kowa da kuɗin batir zai iya.

Doka ma ta taka tata rawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare namun daji a 1916, yarjejeniyar Landan ta 1933 ta nemi a hana farauta da fitila mai dallare ido da dafi da makami mai dafi, Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, an kuma keɓe dajin Yankari tun 1956. A takarda an haɗa dafi da fitila wuri guda, amma a aikace dafin ne ya ja baya, fitila kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. Sannan ga babban dalili, dajin kansa ya ƙare. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200, fagen da barewa take kiwo ya zama gona ko unguwa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ɗan maharbi ma ba zai koyi rarrafe ba in babu barewar da zai yi wa.

A Amurka labarin ya bi wata hanya. A 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga daji kusa da garin Oroville a Kalifoniya. Ya zauna a gidan tarihi na jami'a a San Francisco har ya rasu da tarin fuka a 1916, kuma likitansa Saxton Pope ya koyi sassaƙa baka da kiran dabba da sanɗa a wurinsa, ya rubuta littafi a kai a 1923. Daga nan harbi da baka ya farfaɗo. Jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacinsu na musamman a 1934, sauran jihohi suka bi, yau miliyoyin mutane ne suke ajiye bindiga da gangan su ɗauki baka don su ji daɗin matsowa kusa. Amma abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne sun tsare dabbar. Barewarsu mai farin bindi, wadda aka ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba wajen 1900, yanzu ana maganar kusan miliyan 30, kuma tun 1937 harajin da ake ɗorawa kan bindigogi da harsasai yana tafiya ne wajen kula da daji, daga baya aka haɗa da kayan baka. Su mutum guda ya rage masu suka zauna suka saurare shi. Mu muna da tsofaffin maharba a ƙauyuka da dama, daga Katsina har Adamawa, kuma sai rikici ya taso ake tunawa da su, kamar yadda aka yi a 2014 lokacin da suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram.

Shi kansa tsuntsun yana cikin matsala. Burtu ba ya hayayyafa da sauri, ƙwai biyu macen take yi a kogon babban itace, kuma yawanci ɗa ɗaya ne yake rayuwa, ga shi manyan itatuwan masu kogo su ne ake fara sarewa. A 2018 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ɓacewa ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Kawunan burtu na tsofaffin maharbanmu kuwa da dama suna cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihi na Turai da Amurka, da maɗaurinsu na fata da jajayen idon zakara, wasu an rubuta Hausa a ƙasansu, wasu Nupe. A gida an fi ganinsa yanzu a wajen biki ko taron sarauta, inda wani dattijo zai ɗaura shi ya durƙusa a tsakiyar fili yana caccakar ƙasa, makaɗa suna binsa, yara suna dariya.